Yadda Inna ta je ganin kamfus

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa daɗewa a wajen ƙauyenmu ba sai shekarar da 'yan bindiga suka tashe shi. Ƙauyen yana gefen daji, tsakanin Sabuwa da Faskari, inda ƙasa take baƙa, masara take fin mutum tsawo. Ni na jima da barinsa. Aure ya kawo ni Ƙanƙara, a nan kuma nake koyarwa a makarantar firamare. Da labari ya iso mini cewa mutanenmu sun watse, na yi kwanaki ina cigiya kafin wani direba ya ce ya ga matan ƙauyenmu a Faskari, an sauke su a wata firamare da ke bakin gari.

A can na same ta, zaune a barandar aji, ta jingina da ƙullin kayanta. Azuzuwan cike suke da mata da yara, an ture bencina gefe an shimfiɗa tabarmi da buhuna. An kafa murahu a tsakar makarantar, bokitai sun yi layi a bakin famfo. Kowa a garin "kam" yake kiran wurin. Mai babur ɗin da ya ɗauke ni daga tasha ma haka ya tambaye ni, ko kam za ni. Inna ba ta san kalmar ba kafin ta zo, amma ta riƙe ta da kyau, ta kuma tsane ta. Da ƙyar na raba ta da maƙwabtanta muka hau motar Ƙanƙara. A hanya, mota tana faɗawa rami tana fita, abin da ta ce mini kawai shi ne kada in ƙara ambaton sunan wurin nan a gabanta.

A shekarar ne kuma ɗiyata ta fari ta sami jami'a. Ita da Inna shiri suke yi sosai, tun tana ƙarama Inna "ƙawata" take kiranta. Sun yi 'yan makonni suna kwana ɗaki ɗaya, yarinyar tana yi mata tsifa tana sa ta dariya, sannan lokacin tafiya ya yi, babanta ya raka ta. Bayan ta tafi takan kira mu da yamma, in sa wayar a lasifika mu gaisa gaba ɗaya. In na tambaye ta inda take, sai ta ce tana kamfus. Abinci ya yi tsada a kamfus. An ɗauke ruwa a kamfus. Ba a barin su fita daga kamfus bayan magariba. Ni ban ɗauki kalmar a bakin komai ba, don haka duk 'yan jami'a suke kiran harabar makarantarsu. Ban lura cewa Inna tana yin shiru duk lokacin da aka faɗe ta ba.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Wayoyi suka koma fitila da rediyo. Muryar yarinyar ta ɗauke, sai Inna ta canza. Ta rage cin abinci. Ta shiga shanya kuɓewa da barkono a kan rufin ɗakin girki, ta sa na sayo mata kalwa ta yi daddawa, ta daka kuka ta tankaɗe, ta surfa gero ta yi garin kunu. Duk abin da ta gama sai ta ƙulle a leda ta tura ƙarƙashin gado. Na zaci kewar aikin gida ce take damunta, na ƙyale ta. Ranar da na ga ta naɗe sabon zanen da na ɗinka mata, ta haɗa da sabulu da ashana ta tura wurin ledojin, sai na tambaye ta wa take tara wa kaya.

Ta juyo ta dube ni ta amsa.

"Ke za ki gaya mani. Mi ƙawata ta yi da kuka kai ta kam? Ni an kore ni daga gida na tahi. Ita wa ya kore ta?"

Dariya ta so ƙwace mini, amma da na dubi fuskarta sai na haɗiye ta. Na zauna kusa da ita na yi mata bayani. Na ce makaranta ce babba, mai gine-gine da malamai da ɗakunan kwana, mutane har addu'a suke yi 'ya'yansu su samu shiga. Na ce kam daban, kamfus daban, kama kawai suka yi a kunne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta jera mini abin da ta ji da kunnenta: ana ɗauke masu ruwa, suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, akwai masu gadi a ƙofa, abinci ba ya isa. Ta ce in wuraren biyu ba su haɗa komai ba, don me Turawa za su raɗa masu suna iri ɗaya, ko sunaye sun ƙare masu ne. Shekaru ina koyar da yara Turanci, ban taɓa tambayar kaina inda kalmar ta fito ba.

Da akwai sabis da a zaune zan duba a waya, maganar ta ƙare a ranar. Rashinsa ya sa na yi ta yawo da tambayar a kaina. Na kai ta ofishin malamai lokacin tara, muna cin ƙosai. Malamin lissafi ya ce ai a bayyane take, daga kamfas ne, abin nan mai ƙafa biyu da ake zana da'ira da shi, don da shi ake auna filin makaranta kafin a yi gini. Wata malama ta ce a'a, daga kamfani ne, tunda kamfani ake ba kwangilar ginin. Hedimasta ya ɗauko ƙamus ɗin makaranta, wanda bangonsa ya rabu da shi tun kafin in fara aiki, muka sami kalmar. Ma'anar da muka riga muka sani ita ya ba mu, bai ce komai a kan asali ba. Aka buga ƙararrawa kowa ya tafi aji da ra'ayinsa.

A bayan gidanmu akwai wani dattijo da duk unguwa muke kira Baba. Ya yi aiki a ɗakin shan magani na ƙauyuka har ya yi ritaya. Asalinsa Bamaguje ne daga wani ƙauye a kudancin Ƙanƙara, shi da matarsa Kiristoci ne. Yana da lambu mai rijiya, da gwanda da tumatir da yakuwa, kuma wurinsa nake sayen kayan miya in na makara ban je kasuwa ba. Wata yamma na shiga sayen alayyafo, matarsa, wadda muke kira Mama, ta tambaye ni jikin Inna. Sai na ba ta labarin kam da kamfus a matsayin abin dariya. Baba yana can yana ban ruwa. Ya ajiye gwangwanin ya ce in maimaita kalmar.

Na maimaita. Ya gyara mini ita a hankali, yana rufe leɓɓansa a tsakiya maimakon hurawar da muke yi: kampus. Daga nan ya zauna a bakin rijiya, ya fara buga gwiwarsa da yatsa yana rerawa kamar ɗan aji ɗaya: kampus, kampe, kampum, kampi, kampo. Ya tsaya, ya sake daga farko, ya kuma tsaya a wuri ɗaya. Mama ta riƙe haɓa tana kallonsa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin wannan waƙar ba.

Ashe yana yaro limaman coci, su fada, sun ɗauke shi zuwa makarantar da ake horar da masu son zama fada. A can aka koya masa Latin, harshen Rumawan da, wanda a lokacin da shi suke addu'a. Bai gama ba. Mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya riƙe gandu da ƙanne, daga baya ya shiga aikin magani. Ya ce abin da yake rerawa kalma ɗaya ce, wutsiyarta ce take canzawa gwargwadon aikin da take yi a cikin magana. Nan take na tuna malaminmu na Islamiyya da yadda ƙarshen kalmar Larabci yake juyawa, na gaya masa, ya ce to kusan haka ne.

Na tambaye shi ma'anarta.

"Fili," in ji shi. "Shimfiɗaɗɗen fili, wanda ba tudu ba gini, ido yana tafiya har ya gaji. Ba gona ba fa. Gona sunanta daban, ager suke ce mata."

Na tsaya da alayyafo a hannu ina juya abin. Kalmar da nake ji da girma, wadda ɗiyata take faɗa da wani ɗan alfahari a murya, ashe fili ce kawai, irin wanda yara suke buga ƙwallo a bayan makarantarmu. Na tambaye shi ko kam ma daga nan ta fito. Ya ce yana zaton haka, amma ba zai rantse ba, don su fada ba su kai su nan ba kafin ya bar makaranta. Ya ce in Inna ba za ta damu ba, zai zo shi da Mama su gaishe ta, ya gaya mata abin da ya sani da bakinsa.

Washegari da la'asar suka zo. Na fito masu da kujeru a tsakar gida, Inna ta yafa mayafi ta zauna a tabarma. Gaisuwa kaɗai ta ɗauki lokaci, don a cikinta suka gano cewa kakar Inna ta wajen uwa daga wani gidan Maguzawa aka auro ta, kusa da ƙauyen su Baba, har ya san tsamiyar da ke ƙofar gidan. Bayan an gama wannan ne ya shiga maganar. Ya ce a birnin Rum, a zamanin da, akwai wani babban fili a bakin kogi, a wajen ganuwa, wanda suke kira da wannan suna. A nan samari suke koyon hawan doki da jifa da mashi, a nan sojoji suke taruwa, a nan kuma jama'a suke haɗuwa in za a zaɓi shugabanni.

Inna ta tambaye shi ko ruwan kogin yana malalowa filin in ya cika. Ya ce yana jin an gaya masu haka.

"To ai fadama ce," ta ce. "Hili shimfiɗaɗɗe bakin gulbi, kuma ba su shuka komi? Ko rake? Mi suke ci?"

Baba ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce suna da gonaki a wasu wurare, daga baya kuma da birnin ya cika, a jirgin ruwa ake kawo masu hatsi daga Masar. Wannan ya ɗan kwantar mata da hankali, don ta san Masar a ƙissar Annabi Yusuf, ta san ƙasa ce mai rumbuna. Amma ba ta yafe wa Rumawa fadamar ba. Bayan baƙin sun tafi ta sake tayar da maganar muna tsinke zogale, ta ce mutanen da suka bar ƙasar bakin ruwa don sukuwa, akwai abin da ke damunsu.

Hankalinta game da yarinyar dai bai kwanta ba. Yanzu a ganinta an kai ƙawarta wani fili ne fetal inda sojoji suke taruwa. Ni ma tambayata ba ta ƙare ba. A lokacin mutane sun gano wani tudu a hanyar Malumfashi inda sabis yake ɗan leƙowa, masu babura har sun mayar da zuwa can sana'a. Wata Asabar na bi su. Na tarar da jama'a a tsaye cikin rana, kowa ya ɗaga waya sama, mai shayi da mai rake sun kafa teburansu a gindin wata ɗorawa. Na fara kiran ɗiyata. Lafiyarta ƙalau, ta yi kewar mu, ta ce in gaya wa Inna ta yi ƙiba. Na tambaye ta ko ta san ma'anar kamfus, ta ce harabar makaranta mana, me ya faru. Na ce ba komai, zan ba ta labari.

Daga nan na koma gefe na shiga bincike, shafi yana buɗewa da ƙyar. Baba bai yi kuskure ba, fili ne a harshen Latin. Na karanta cewa fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, a wata kwaleji a Amurka, aka fara kiran filin da ke gaban ginin makaranta da wannan suna, don a lokacin duk ɗalibi yana karanta Latin. A hankali sunan ya bazu zuwa wasu makarantu, ya kuma faɗaɗa har ya haɗiye gine-ginen da kansu. Na nemi kam. Ita ma daga nan take: filin da sojoji suke kafa tantuna, daga baya duk inda aka sauke mutane na ɗan lokaci. Abin da ban zata ba shi ne kamfen, wanda 'yan siyasa suke zuwa mana da shi da lasifika da atamfa. Asalinsa fitar mayaƙa zuwa fili in lokacin yaƙi ya yi, 'yan siyasa aro suka yi. Kamfas ɗin malamin lissafi ta wata hanya ya biyo. Kamfani kuwa, wai ma'anarsa ta farko mutanen da suke cin gurasa tare. Na tsaya a kan tudun nan ina murmushi ni kaɗai, har mai babur ya matsa mini hon.

Da na dawo na gaya wa Inna cewa kunnenta bai yaudare ta ba, kalmomin biyu uwarsu ɗaya, amma wuraren ba ɗaya ba ne. Na isar mata da saƙon ƙiba. Ba ta nuna jin daɗin cin gardama ba. Ta ce tunda suna ɗaya ne, ita sai ta gani da idonta. Maigidana ya so a bari sai an yi hutu yarinyar ta zo da kanta, Inna ta ce garin kunun ba zai jira hutu ba.

Da kaka muka tafi, ana yankan gero. Mun fita da hantsi, don ba mai son yamma ta same shi a hanyoyinmu. Motar ta cika maƙil, buhun Inna a kan cinyoyinmu, don ta ƙi yarda a sa shi a but. Muka canza mota a hanya, muka isa bayan azahar. A ƙofar jami'ar masu gadi suka tambaye mu wurin wa muka zo. Inna ta matse hannuna. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce sannu da hanya Hajiya, ya tsayar mana da keke mai ƙafa uku. Na ji hannunta ya ɗan saki.

Ni kaina ban taɓa shiga jami'a ba, kwalejin horon malamai na yi, wadda duk girmanta bai wuce unguwa ba. Daga ƙofa zuwa ginin farko tafiya ce mai nisa, hagu da dama ciyawa ce ta bushe, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi, gine-ginen kuma a warwatse can nesa kamar an manta da su. Na tuna maganar Baba ta ido yana tafiya har ya gaji. Inna ta sa mai keken ya tsaya. Ta sauka, ta tsuguna a gefen titi, ta kauda ciyawa ta damƙo ƙasa, ta murza ta a tafin hannu, ta sunsuna. Ta ce jigawa ce, ba ta kai tamu ba, amma gyaɗa da wake za su yi. Ta tambayi mai keken ko duk wannan na mutum ɗaya ne. Ya ce na gwamnati ne. Ta karkaɗe hannunta ta hau.

Ɗiyata ta fito da gudu daga ɗakin kwanan 'yan mata, ta rungume Inna har suka kusa faɗuwa. Inna ta riƙe ta nesa kaɗan tana duba wuyanta da damatsanta, ta ce ƙibar da aka aiko mata da labari ba ta gan ta ba. Muka shiga. Ɗakin yana da gadaje masu hawa biyu, akwatuna a ƙarƙashi, risho da tukwane a lungu. A waje igiyoyin shanya sun cika da kaya, bokitai sun yi layi a bakin famfon da ba ya zuba. Na saci kallon Inna a gaban bokitan nan. Ta daɗe a tsaye. Ni ma yadda wurin ya yi kama da kam ya ba ni tsoro, don da za a ɗauki hoton wurin kaɗai a nuna mini, zan iya cewa firamaren Faskari ce.

'Yan ɗakin suka taru suna gaishe ta. Akwai 'yar Daudawa a cikinsu, wadda ta san ƙauyenmu, akwai wata daga kudu da ba ta jin Hausa sosai, tana ta durƙuso tana dariya. Inna ta kwance buhu. Da ƙamshin daddawa ya tashi sai 'yan ɗakin maƙwabta suka fara leƙowa. Ta shiga rabo da hannunta, tana tambayar kowace garinsu da sana'ar ubanta da wanda ya kawo ta. Kowace ta ce ita ta nema, wata ma ta ce sai da ta sake jarrabawa kafin ta samu. Zanen da sabulun ta ba ƙawarta. Ashanar 'yar kudun ta samu, ta karɓa da hannu biyu.

Da muka fito shan iska ɗiyata, wadda na riga na ba labarin komai, ta tsokani Inna ko ta ga kam ɗin.

"Na gani," in ji Inna. "Bokitan iri ɗaya ne. Amma can in mota ta tsaya a ƙohwa kowa tashi yake ya ga ko wa aka kawo, ko gawar wa. Nan na ga mota ta tsaya, ba wadda ta ɗaga kai."

Muka ci gaba da tafiya a ƙafa ta bayan ɗakunan, yarinyar tana nuna mana ɗakin karatu da masallaci da inda ake koyar da su. Inna tana gyaɗa kai, amma idonta yana kan ciyawa. Ta nuna mana tafasa da ta riƙa ta bushe ba wanda ya tsinka, da lalo a bakin kwata, ta ce an yi asarar miya a nan. Can bayan gidajen ma'aikata sai muka hango kunya-kunya, da wata mata a sunkuye tana haƙar dankali. Inna ta saki hanya ta nufe ta ba tare da ta ce mana komai ba.

Matar wani ma'aikacin jami'ar ce, ta kai sa'ata. Ta ce ana barin su su noma bayan gida muddin ba a buƙaci wurin ba. Inna ta tsaya tana kallon yadda take sara, can ta ce ta ba ta fartanyar. Matar ta dube ni, na ce ta ba ta. Inna ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta gyara tsayuwa, ta sari gefen kunyar, ta ɗaga ƙasar a hankali, sai ga dankali ya fito a jere ba ko ƙwarzane. Ta matsa gaba ta sake. Tun ranar da ta baro ƙauye ba ta riƙe fartanya ba. Ni da ɗiyata muka zauna a kan wani bulo muna kallonta tana bin kunyar, matar tana binta da kwando, suna hira kamar sun saba, a kan taki da gara da irin da ya fi jure fari. Gumi ya jiƙa mata riga. Sai da ta kai ƙarshen kunya ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta ce bayanta ya manta aiki.

Matar ta cika mana leda da dankali. Inna ta ce ita yaɗon take so. Aka yanko mata dami guda, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu. Mun kwana a gidan wata 'yar'uwar maigidana a cikin gari, da safe muka kamo hanya, yaɗon a kan cinyarta, tana yayyafa masa ruwan leda duk inda muka tsaya.

Gidanmu ba wurin shuka, siminti ne har bakin ƙofa. Baba ne ya ba ta gefe guda a lambunsa kusa da rijiya, ta dasa yaɗon don ya rayu har damina. Daga nan kullum da safe sai ta zaga. Mama ta ce da ta san haka za a yi da ta sayi auduga ta toshe kunne, don tsofaffin biyu ba sa rabuwa da gardama, shi yana cewa ta cika ruwa, ita tana cewa tumatirinsa ya yi kusa da juna. Latin ɗinsa kuma ya riƙa dawo masa kaɗan-kaɗan. Yana cikin aiki sai ya tuna sunan ruwa ko na ƙasa ko na rana, ya kira ni ta kan katanga ya gaya mini kafin ya sake mantawa. Wasu na kai wa 'yan ajina, suna maimaitawa suna dariya. Malamin lissafi ya karɓi labarin kamfas da kyau, sai dai ya ce bayaninsa ya fi daɗin faɗa, kuma ban musa masa ba.

Da damina ta zo Inna ta yi kunya huɗu na dankalin nan, ya kuma yi. Sai dai da aka dafa ta ce fari ne mai gari, ba ya da zaƙi irin jan da take nomawa a gida. Ta ci kaɗan, ta raba sauran a unguwa. Lokacin an daɗe da maido da sabis, sai ta sa na kira mata ƙawarta, ta aike ta wurin matar nan mai dankali ta tambayo ko tana da irin ja. Bayan kwana biyu yarinyar ta kira ta ce ta je, amma ta tarar an haƙa harsashin gini a wurin, an jibge yashi da bulo, wai sabon ɗakin lacca za a yi.

Inna ta karɓi wayar daga hannuna ta tambaya ko an bar matar ta kwashe amfaninta kafin a fara. Yarinyar ta ce ba ta sani ba. Inna ta ce ta koma ta tambayo. Ta koma, ta sami gidan, ta kira mu tana tsaye a ƙofarsu ta haɗa su. An bar ta ta kwashe, in ji matar, kuma ta sami wani wurin can ƙasa kusa da rafi, sai dai da nisa. Inna ta ce nisan ba komai ba ne, kusa da rafi ya fi, amma ta ɗaga kunyar sosai kada ruwa ya kwanta. Jan irin kuwa matar ba ta da shi, ta ce ita ma nema take yi. Suka rabu a kan duk wadda ta fara samu za ta aika wa ɗaya.